Katangar tare ƙasa a filin gangare: kurakuran da na gaji da gani

Wanda ya taɓa gini a Guzape ko Katampe a Abuja, ko a gindin duwatsun Jos, ya san irin filin. A yanka tudu, a fitar da ɗaki a ƙasa, bayansa binne, ƙofarsa tana buɗewa tsakar gida. Ƙasar da ta rage a gefen ƙofar dole a tare ta da katanga, kuma ita ce ake ta kwaɓawa damina bayan damina.

Babban kuskure shi ne mantawa da ruwa. Ni ma sai da ya dafa ni. Na taɓa tayar da katanga mai tsayin mita biyu da rabi, na ce a bar mata ramukan fitar ruwa, mai gida ya ce: "Malam, waɗannan hujojin za su ɓata min fenti." Na ji kunyar Alhaji, na toshe. Na ƙara da mayar da lakar da muka haƙo a bayanta, don kada a sayi tsakuwa. Cikin Agusta aka yi kwana uku ana ruwa, da asuba mai gadi ya kira ni. Na tarar katanga ta yi ciki, tsaga ta ratsa ta har hannuna na shiga, jan ruwa na tsiyaya zuwa bakin ƙofa. Alhajin da ya hana huji bai tuna ya hana ba. Daga aljihuna aka rushe, aka sake.

Laka tana riƙe ruwa, ruwa kuwa wanda ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tan guda ne cur. Shi ya sa yanzu ba na tsallake abu uku: tsakuwa mai kaurin santimita 30 a bayan katanga tun daga ƙasa, bututu mai huji-huji kwance a gindinta yana gangarawa kwata, da guntayen bututu masu faɗin inci uku da suka ratsa ta, duk bayan mita ɗaya da rabi. Tsakanin tsakuwa da ƙasa ina shimfiɗa ƙyallen tace ruwa, kada laka ta cike ta. Amma a kula, huji na katangar waje ne. Bangon ɗakin kansa kwalta ake shafa masa ta baya, bututu ya kwashe ruwan, in ba haka ba ka jawo rafi cikin falo.

Na biyu, rodi. Haba jama'a! Sau nawa zan zo wurin aiki in ga an jera bulo mai inci tara, cikinsa fayau, wai zai tare tudu? Wannan katangar gida ce. In tsayi ya ninka, turin ƙasa sau huɗu yake ƙaruwa, don haka dabarar da ta yi maka a mita ɗaya kada ka ɗauko ta a mita biyu. Wasu kuma sun sa rodin, amma a fuskar waje. Fuskar da ke manne da ƙasa ita ke shan ja, can manyan rodi suke zama, a lanƙwasa ƙafarsu cikin fandisho. Fandishon ma ya miƙa ƙarƙashin cikon, nauyin ƙasar ya danne shi. Ni dai da katanga ta wuce ƙirjina, sai injiniya ya yi lissafi, ko mai gida ya ɓata rai.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada a yi ciko kankare yana ɗanye. Ina ba shi ruwa mako guda, in jira kwana 28. Bangon ɗaki kuma ba a cika bayansa sai an zuba dekin da zai tokare shi. Tifa ba ta juye ƙasa lokaci guda, a zuba santimita 20 a daɓe, a ƙara. Ruwan indararo a kai shi nesa.

Sai masu ɗora tankin ruwa ko ajiye mota a bakin katangar bayan an gama. Tanki mai lita 5,000 tan biyar ne, kuma ba a sa shi cikin lissafi ba. Tun ranar awo nake tambayar mai gida inda zai ajiye shi.