Yadda Ake Kallon Kujerun Joseph Kosuth

A shekarar 1965 ne Ba'amurken mai fasahar nan Joseph Kosuth ya shirya wani aiki wanda sunansa ke nufin kujera ɗaya kuma kujeru uku, yana kuma cikin tarin kayan gidan fasaha na MoMA da ke New York. Abubuwa uku ne a jere: kujerar katako, hotonta daidai girmanta, da ma'anar kalmar kujera da aka ciro daga ƙamus aka faɗaɗa rubutunta a bango.

Da farko, mai kallo ya ajiye neman ƙwarewar hannu, domin Kosuth bai sassaƙa kujerar ba, kuma a ganina wanda ya tsaya yaba katakon ya yi ɓatan kai. Ya ja da baya har ukun su shiga idonsa lokaci guda, sannan ya tambayi kansa wacce ce kujerar gaskiya: wadda ake zama a kai, wadda ido ke ganewa, ko wadda harshe ya bayyana?

Daga nan ya matso ya karanta bayanin ƙamus a tsanake, zai lura cewa kalmomin sun dace da kowace kujera a duniya, alhali ba su faɗi launi ko tsufan wadda ke gabansa ba. A nan ya kamata ya fi daɗewa.

Sai kuma ya gwada bangon da daɓen da ke cikin hoton da na ɗakin da yake tsaye, domin bisa tsarin aikin, ana ɗaukar hoton kujerar ne a wurin da aka kafa ta.