Kafin ka yi wa gida alkawarin fam

Wani ƙanena ma'aikacin jinya, ɗan Tudun Wada a nan Zariya, ya samu aiki a Ingila. Tun bai hau jirgi ba ya zauna a zaure da kalkuleta, ya raba fam dubu 30 na shekara gida 12, ya juya su naira, har ya yi wa Hajiya alkawarin sabon kwano. Wata na ƙarewa sai ga kira: "Yaya, wallahi an zaftare mini albashi!"

Ba wanda ya cuce shi. Can ma PAYE suke yi kamar mu, wato wanda ya ɗauke ka aiki ne ke cire haraji kafin kuɗin su iso hannunka, ya miƙa wa hukumar harajinsu, HMRC. A takardar albashi za ka ga gross, jimillar da aka yi yarjejeniya a kai, da net, abin da zai shigo asusunka. Da na biyun ake cefane.

Ga lissafin shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025: fam 12,570 na farko babu haraji. Abin da ya haura, har zuwa 50,270, ana cire kashi 20 cikin ɗari, sannan kashi 8 na inshorar ƙasa. Mai dubu 30 ke nan zai ga kusan fam 2,090 a wata maimakon 2,500, ba a ma taɓa kuɗin fansho ba. Sikotilan kuma nata ma'aunin daban.

Inda sababbin zuwa suka fi shan kashi shi ne lambar haraji, wato lambar da ke kan takardar albashi mai nuna yadda za a cire maka haraji. Yawancin ma'aikata 1257L ce tasu. In ka ga BR ko 0T alhali aiki ɗaya kake yi, to tun daga fam na farko ake yankarka, galibi don bayananka ba su kai hukumar ba. Kada ka yi irin kawaicinmu na gida ka ce Allah ya isa. Kira HMRC, su gyara, rarar ta dawo.

Takardu biyu kuma, masu nuna albashin da aka biya ka da harajin da aka cire, ka adana su kamar takardar fili: P45 idan ka bar aiki, P60 bayan shekarar haraji ta rufe ranar 5 ga Afrilu.

Kwanon Hajiya dai sai da damina ta wuce aka buga shi.