Yadda za a kafa gidan reno a jami'a: jagora ga iyaye ɗalibai da ma'aikata a Maraɗi

Tun da aka buɗe jami'ar Maraɗi a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, matan aure masu goyo suna cikin ɗalibanta, kuma da yawansu daga wasu jihohi suka zo, ba uwa ba ƙanwa a kusa. Ma'aikaciya ma hutun haihuwarta mako 14 ne, sai ta koma aiki jaririn bai ko fara zama ba. Gidan reno a cikin jami'a ko a bakin ƙofarta shi ne maganin wannan. Abin da ke riƙe shi kuwa abu biyu ne, isassun masu reno da lokacin aiki da ya dace da jadawalin darasi. Fenti da lilo daga baya suke zuwa.

A fara da ƙidaya. Iyaye huɗu ko biyar su zama kwamiti, su zagaya da takarda su rubuta sunan uwa, watannin yaro, ranakun da take da darasi, da abin da za ta iya biya a wata. A rubuta shekarun yaro da watanni, domin ɗan wata 8 da ɗan wata 20 ba reno ɗaya suke buƙata ba. Da wannan takarda za a tunkari hukumar jami'a da CROU, mai kula da kwana da abincin ɗalibai, a nemi ɗaki. In za a haɗa da ajin ƴan shekara 3 zuwa 5, wato jardan, a je ofishin ilimi na jiha a nemi izini kafin a buɗe.

Wurin da ya dace

Ɗakin ya kasance inda uwa za ta iso da ƙafa cikin minti biyar daga ajin darasi. Wannan shi ne babban sharaɗi, don jaririn da bai kai wata 6 ba nono zalla ake so ya sha, ko ruwa ban da shi, kuma hutun da ke tsakanin darasi biyu gajere ne. In gidan ya yi nisa har sai an hau kabu-kabu, uwa za ta daina zuwa da rana, mai reno kuma ta fara ɗura wa jariri ruwa ko koko don ya yi shiru, daga nan zawo ya shigo.

A lissafa murabba'in mita 3 ga kowane yaro a cikin ɗaki, a raba wurin masu rarrafe da na masu gudu ko da da katangar katako mai tsayin ƙugu. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yana haura digiri 40, kuma lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa, saboda haka rufin kwano ba silin bai dace ba. A nemi tagogi masu fuskantar juna, a kafa rumfar zana a tsakar gida, a ajiye fanka mai aiki da hasken rana. Tagogi su sami raga, kowace shimfiɗa ta sami gidan sauro, har da na barcin rana. Randa da bokiti da duro duk a rufe su, domin ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa ya halaka yaron da ya kifa kai a ciki. Murhu da gas su zauna a ɗaki dabam mai ƙofa.

Masu reno

A nan ne gidajen reno suka fi faɗuwa. Mai reno ɗaya ba ta wuce jarirai 3 ƴan ƙasa da shekara ɗaya, ko yara 5 ƴan shekara ɗaya zuwa uku, ko yara 10 ƴan jardan. Kuma ko da yara uku ne kawai suka zo ranar, manya biyu za su kasance a gidan, don in ɗaya tana yi wa yaro tsarki ko ta fita da maras lafiya, akwai ido a kan sauran. Kwamiti kan ji kwaɗayin ƙara yara don kuɗin ya isa, to a nan cizo da faɗuwa da ƙonewar ɗuwawu da fitsari ke farawa.

A ɗauki mace babba mai haƙuri wadda ta san reno, a haɗa ta da matashiya mai karatu da za ta riƙe rajista. A gwada kowace tsawon mako guda, a lura da abu ɗaya: idan yaro ya yi kuka, tana durƙusawa ta yi masa magana, ko daga nesa take daka masa tsawa? A rubuta a yarjejeniya cewa babu duka, babu tsorata yaro da dodo, babu ba da maganin barci ko jiƙo. Albashi kada ya gaza mafi ƙarancin da doka ta sa, a yi mata rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, a biya a kan lokaci. Mai renon da ba a biya ba tafiya take yi, kuma duk sauyin fuska sai jariri ya yi kwanaki yana ƙin abinci.

Lokacin buɗewa ya riga darasin farko da minti 30, na rufewa ya biyo na ƙarshe da minti 30. A yi tanadin Asabar da makonnin jarrabawa. Ɗaliban fannin lafiya masu horo a asibiti da sassafe a yi musu tsari nasu. Ba a miƙa yaro sai ga wanda sunansa ke rajista, ko da ya ce shi baffansa ne, sai an kira uwa.

Lafiya da abinci

Ranar rajista a ga katin rigakafi: BCG, wato allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna a haihuwa, allurai na mako 6 da 10 da 14, sai na ƙyanda da ciwon shawara a wata 9. Ƙyanda a ɗaki ɗaya kamar wutar daji take. A sanar da asibitin unguwa cewa gidan yana nan, don masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake ba ƴan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, su riƙa biyowa. Kowane wata a auna damtsen hannun yara daga wata 6 da igiyar awo: ƙasa da santimita 12.5 a kai asibiti, ƙasa da 11.5 a kai a ranar.

Yaro mai zafin jiki digiri 38, ko zawo, ko ƙuraje, ko jan ido, gida zai zauna. In zawo ya fara a gidan reno, a dama fakitin gishiri da sukari ɗaya a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a kira uwa. Jijjiga, ƙin shan nono, aman duk abin da aka ba shi, numfashi da ƙyar ko sanƙarewar wuya, waɗannan ba a jiran uwa ta fito daga darasi, asibiti ake nufa ana kiranta a hanya.

Wanke hannu da sabulu bayan kowane tsarki da kafin kowane abinci. Fo da tabarmar canza kaya a goge su da ruwan jabel, cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya, a haɗa sabo kullum don ƙarfinsa na gushewa. Nonon da uwa ta tatsa a sa shi a kofi mai murfi da sunan yaro da lokacin tatsa. A waje ba ya wuce awa 4, da bazara ma a ba da shi da wuri, kuma da kofi ko cokali ake ba da shi, domin bulumboti yana da wuyar wankewa.

Daga wata 6, kunu mai kauri: kwano 3 na gero, ɗaya na wake, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne dabam sama-sama, a niƙa tare. Kunun ya tsaya a cokali. In yana zuba kamar ruwa, ciki zai cika amma jiki bai samu ba. A barbaɗa garin zogale. Zuma ban da ita kafin shekara ɗaya, haka gyaɗa ƙwaya da aya da alewa mai tauri ban da su kafin shekara 4, saboda shaƙewa.

Abin da ake koya musu

Iyaye masu boko sukan so su ga ɗan shekara 3 yana rubuta haruffa a allo. Hannunsa bai ƙosa ba, kuma tilasta shi yana sa ya tsani aji. Abin da ke shirya shi shiga CI, ajin farko na firamare, shi ne yawan magana da shi. Mai reno ta riƙa faɗin abin da take yi: «Ga takalminka, ja ne, ƙafar dama tukuna.» A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a tsaya a tambaye su me zai faru, a yi kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa, a ƙirga faya-faya da ludaya, a ba su yashi da laka su gina rumbu. Zama wuri ɗaya kada ya wuce minti 15. A yi komai da Hausa, Faransanci ya shigo ta gaisuwa da waƙa, yaron da ake Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci a gidansu kuma mai reno ta koyi kalmominsa na ruwa da fitsari da ciwo tun makon farko.

Kuɗi kuwa, a tara albashi da ruwa da sabulu da abinci na wata, a ƙara kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana, a raba tsakanin iyaye. Malamai da ma'aikata su biya fiye da ɗalibai. Tun da bursi kan yi jinkiri, a karɓi kuɗin wata uku a dunƙule lokacin da ya fito, a ajiye a asusu mai sa hannun mutum biyu, a kuma ware albashin masu reno na babban hutu tun daga Oktoba don a same su idan aka dawo.