Kurakuran da aka fi yi wajen zana hoton sarki

Yawancin masu zanenmu a Bauchi sun iya fuska. Rawani ne ke ba su kashi. Za ka ga kamannin Mai Martaba sun fito sarai, amma naɗin ya dunƙule kamar gammo, kunnuwan nan biyu sun langaɓe, amawali kuma an manna shi a haɓa, ba a gane inda ya taso ba. Wanda ya tashi a gindin fada kallo ɗaya zai yi ya kau da kai. Maganin abin shi ne ka nemi wanda ya iya naɗi ya naɗa a gabanka, ka ga yadda kowane zagaye ke hawa kan na baya, sannan ka ɗauki burushi.

Sai aron kayan wata masarauta. Tagwayen masu na Sarkin Kano ne. Abin takaici ne mutum ya kwaso hoto a intanet ya danƙa su a hannun Sarkin Bauchi Rilwanu Sulaiman Adamu, wanda ya hau gadon Yakubu a 2010, ko Sarkin Gombe Abubakar Shehu Abubakar na III, da ya hau na Buba Yero a 2014. Kowace fada da nata. Ka nemi izini tukuna, ka tambayi bayin sarki abin da yake riƙewa ranar hawa, kada ka yi kintace. Jikokinmu da wannan hoton za su kafa hujja.

Akwai wani da waya ke jawowa: wani lokaci takan juya hoto, hagu ya koma dama. Aljihun babbar riga da askakensa, wato adon ɗinkin nan mai siffar aska, a ƙirjin hagu na mai sanye da ita suke. Duba wannan kafin ka ja layin farko.

Farar alkyabba kuwa ba da farin fenti zalla ake yin ta ba. Cikin lanƙwasarta akwai toka-toka da ɗan shuɗi, kuma su ke nuna nauyin yadin a kafaɗa. Zaren zinariyar bakinta ma, a fara da ruwan ƙasa mai duhu, a ɗiga haske inda rana ta taɓa kawai.

Kada a yi gaggawar shafa man sheƙi. Fentin mai na bukatar aƙalla wata 6 kafin ya bushe har ciki, in kuwa lokacin hunturu ne, a jingina hoton fuskarsa na kallon bango saboda ƙura.