Yaron da ke kai wa kowace ƙwallo duka: kurakuran matasan 'yan besbol da gyaransu

Ɗan yayata shekararsa 14, a nan Bronx cikin birnin New York yake buga besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, da yaran Jamhuriyar Dominika. Asabar ɗin da ta wuce ina tsaye bayan waya ina kallonsa, mai jifa ya jefa biyu duk sun kauce, bol biyu kenan (bol ita ce jifar da ta kauce kuma mai duka bai kai mata sanda ba) babu sitiraik ko ɗaya (wato jifa mai kyau da ya bari ta wuce, ko wadda ya kai wa sanda ya kuskure), riba na hannunsa, sai ta uku ta zo ta daki ƙasa tun bata iso faranti ba, wato alamar da ke ƙasa inda mai duka ke tsayawa, amma yaron nan ya kai mata sanda da iya ƙarfinsa har hular kwanonsa ta karkace. A hanyar gida yake ce min "Kawu ni fa haka Allah ya yi ni, ance ido ba'a koyonsa." Wallahi maganar ta tsaya min a rai, don ita kanta ita ce babban kuskuren, kuma manya ne ke cusa wa yara ita.

Ido ana koyonsa. Ku duba Sammy Sosa, a 1997 sau 174 aka fitar da shi da sitiraik uku, tafiya kyauta zuwa bes na farko kuwa (zangon farko da mai duka ke nufa, wadda ake bayarwa in an yi masa bol huɗu) 45 kacal ya samu duk kakar. Kocin duka na Chicago Cubs, Jeff Pentland, ya zauna da shi suka gyara tsayuwarsa da yadda yake jiran ƙwallo, zuwa 2001 tafiyarsa kyauta ta kai 116. Eh na sani wasu da gangan aka bashi don tsoron sandarsa, amma mutumin da ke bin ƙwallo har cikin ƙasa ba wanda ke jin tsoronsa tun farko. Ba kuma cewa nake kowa zai koma Juan Soto ba, wanda tun yana 19 a 2018 yake tantance jifa kamar tsohon hannu, a 2021 ma tafiyarsa kyauta 145 fitarsa 93. Wannan baiwa ce. Akwai kuma irin su Javier Báez da shekaru suka ja halin bai sake su ba, a 2021 fita 184 tafiya 28. Yawancin yara tsakanin biyun nan suke, zasu matsa gaba in an koya masu da wuri.

Toh sai dai da zarar ka ce wa yaro ya yi haƙuri sai ya faɗa wani ramin, ya tsaya ƙiƙam da sanda a kafaɗa yana jiran a bashi bol huɗu, mai kyau ta wuce ta tsakiya yana kallo, ta biyu ma haka, yanzu kuma dole ya kare kansa da duk abinda aka jefo. Wannan ba natsuwa bace tsoro ne. Gyaran shine duk jifa ka shiga da niyyar duka, jikinka ya fara tafiya, a ranka kana eh, eh, eh, sai in ka ga ba taka bace ka ce a'a ka danne. Tsayar da duka da aka faro yafi sauƙi nesa ba kusa ba akan faro shi a makare.

Wanda yafi damuna shine yara suna ɗauka duk abinda alƙali zai kira sitiraik dole ne a doke shi. Faɗin farantin inci 17 ne, daga gwiwa kuma zuwa wajen ƙirji, fili ne babba, babu ɗan adam da ya iya dukan ko'ina a ciki daidai. Ted Williams wanda ya buga .406 a 1941 (wato a lissafi cikin zuwa duka dubu sau 406 dukansa ke kai shi bes) ya raba filin nan gida 77, kowane gida girman ƙwallo ɗaya, ya nuna a tsakiya zai iya .400 amma can ƙasa ta nesa da shi .230 ne kawai. Mutumin da ake sawa a sahun farko na masu duka a tarihi kenan fa yake gaya maka akwai sitiraik ɗin da bashi da amfani gare shi. Don haka kafin sitiraik biyu ka zaɓi ɗan wuri kamar faɗin faifai inda ka san nan ne ƙarfinka, in bata biyo ta nan ba ka barta ko da alƙali ya ɗaga hannu. In bol biyu ne ko uku a gabanka ka ƙara matse wurin, mai jifa ne ke cikin matsala ba kai ba. Sai an kai sitiraik biyu sannan ka buɗe, ka ɗan matso da hannu sama a sandar ka kare faranti.

Wani lokacin ma matsalar ba a ido take ba, makara ce. Daga mai jifa zuwa faranti ƙafa 60 da inci 6 ne, ƙwallo mai gudun mil 95 a awa bata kai rabin daƙiƙa take isowa, in baka ɗaga ƙafa da wuri ba sai dai ka yi canki-canki. José Bautista sai da ya zaga ƙungiyoyi kafin a Toronto Dwayne Murphy ya sa shi fara motsi da wuri, a 2010 yana da shekara 29 ya doki ƙwallo ta tsallake shingen fili sau 54.

Sai atisaye. Kaga yaro a kejin atisayen duka ana jefo masa masu daɗi guda hamsin yana dukan duka hamsin ɗin, ranar wasa kuma a ce ya zaɓa, ta yaya? Jikinsa duka kawai ya sani. A riƙa cakuɗa masa da munana, in ya kai wa mummuna sanda ya fita layi na baya ya shigo. In masu jifan ƙungiyarsu na gwaji ya je ya tsaya da hularsa ba duka, idonsa a daidai inda ƙwallo ke barin hannu, yana faɗa da baki bol ko sitiraik, fasbol (mai gudu a miƙe) ko silaida (mai lanƙwasa gefe). Silaida mai kyau in ka saba zaka hango ɗan jan ɗigo a jikinta saboda yadda zaren ke juyawa. Edgar Martínez da matsalar ido ya yi duk wasansa, kullum sai ya yi atisayen ido, kuma da yawan samun bes aka san shi.

Mu iyaye ma da namu laifin. Yaro ya bar mummuna ba wanda ya tafa, ya doki wadda ta kusa taɓa ƙasa ta faɗa wuri mai sa'a sai ihu ya tashi, me muka koya masa kenan. Iyayen Dominika da muke zama da su a benci suna da wata tsohuwar magana cewa ba'a barin tsibirinsu zuwa wasa a Amurka da tafiya kyauta sai da duka, suna kawo Vladimir Guerrero babba da ya taɓa dukan ƙwallon da ta yi tsalle daga ƙasa ya samu bes. Gaskiya ne ya yi, amma hannu irin nasa ɗaya ne a cikin dubu.

Ni dai yanzu da ɗan littafi nake zuwa wasan yaron, bana rubuta ya samu bes ko bai samu ba, kowace jifa kawai nake sa alama, ya zaɓa daidai ko bai zaɓa ba. Da yamma kuma muna fita fili da ƙwallayen tanis da na shafa wa wasu jan fenti wasu shuɗi, ja ya doka shuɗi ya bari. Jiya cikin ashirin shida ya kai wa shuɗi, ya ce "Kawu a sake," muka sake har aka kira magariba.