Yadda za ka zama mai zanen tufafi wanda tela zai iya ɗinka zanensa

Na daɗe ina ganin samari da 'yan mata a nan Garwa suna shigowa shagonmu da littafi cike da zane mai ɗaukar ido, kafin wata uku sun ajiye fensir. Hannu kam suna da shi. Abin da ke kayar da su shi ne zanen nasu ba ya ɗinkuwa.

Fara da jiki. Masu wannan sana'a sukan ja tsawon mutum ya kai tsawon kansa sau tara, alhali mutum na gaske sau bakwai da rabi ne zuwa takwas. Koyi na taran don hoton talla, amma wanda za ka nuna wa mai kaya yi shi a takwas, kada Hajiya ta sa ran za ta ƙara tsawo. Zana siffa ɗaya a kwali, gaba da baya, ka riƙa ɗora takarda mai shara-shara kana bi. Kada ka ci bashin kwamfuta tun yanzu. Fensir 2B ya isa, in kana da waya kuma manhajar zane ta ibisPaint kyauta ake sauke ta.

Daga nan sai yadi, kuma a kasuwa ake koyonsa, da hannu. Shadda tsayawa take yi, karyewarta da kaifi. Leshi sai da shafi. Yadi mai santsi zuba yake yi, yana bin jiki. A garin da kamfanin auduga na Sodecoton ke da hedikwata, auduga na wuce mu a mota, bai kamata mai zane ya kasa sanin yadi ba.

Yanzu ga inda ni na faɗi. Wata shekara ƙungiyar mata ta ba ni aikin ankon 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mutum goma sha biyu. Na zana doguwar riga mai tattara hawa uku da faffaɗan hannu, kowa ya yaba. Gaba kawai na zana. Da na kai wa telanmu, dattijo ne, ya juya takardar ya ga wayam, ya ce, "Ɗiyata, ta ina za a shiga rigar nan?" Ban sa zif ba, ban nuna inda ɗinki zai bi ba. Ya shimfiɗa atamfar a tebur, ya ja alli, ya nuna mini cewa turmi ɗaya yadi shida ne, tattarar kaɗai za ta cinye fiye da rabi, ga manyan tambarin da ke jikin atamfar almakashi zai raba su biyu a ƙirji. Ɗankwali ma babu. Kwana huɗu ya rage, muka sake komai, mata biyu kuma ba su ƙara dawowa ba.

Tun ranar kowane samfuri takarda biyu nake masa. Ta farko ta ado ce, mai launi. Ta biyu rigar ce a shimfiɗe babu mutum a ciki, gaba da baya, da awon kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsawo a santimita, da wurin zif, da faɗin kalmasa, da yadi nawa za ta ci. Manna ƙyallen yadin a gefe. Wanda bai zauna wata shida kusa da keken ɗinki ba, ni ban yarda ya iya takarda ta biyu ba.

Kuɗi: karɓi rabi kafin ka ja layi, kuma kada ka tura cikakken zane ta WhatsApp. Gobe za ka gan shi a jikin wata, ko dala ba ka samu ba. Tura hoton gefe, da sunanka a tsakiya.

Jagorancin aiki yana zuwa ne in an fara tambayarka launi. Lokacin kai ne za ka tsayar da jigon kayan Sallah, ka zaɓi launi uku, ka haɗa tela da mai surfani da mai jakar fata daga Marwa da mai hoto. Dubi aikin Imane Ayissi, ɗan Kamaru da aka gayyata nunin manyan ɗinki na Faris a 2020, da na Alphadi wanda ya kafa FIMA, bikin nunin tufafin Afirka, a Nijar a 1998. Fara da kaya biyar, ka ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana kashe launin shadda.