Matakan Girka Rumbun Babel a Kwamfutarka

Manhajar Babel, mai sauya lambar JavaScript ta zamani zuwa wadda tsofaffin burauzoci ke ganewa, ta tara fakitocinta (ƙananan sassanta) masu yawa a rumbu guda a GitHub, shafin ajiye lambar manhajoji, shi ya sa aiki a kanta yake buƙatar ɗan shiri. Da farko ka tabbatar akwai manhajojin Git da Node.js da Yarn a kwamfutarka.

Daga nan sai ka kwafo rumbun da `git clone https://github.com/babel/babel`, ka shiga cikinsa, ka ba da umarnin `make bootstrap`, wanda zai sauko da duk abin da ake buƙata, ya kuma haɗa fakitocin da juna. Wannan matakin yana son haƙuri, musamman in intanet ba ta da ƙarfi.

Fakitocin suna cikin foldar `packages`. Idan fakitin `babel-parser` ka gyara, gara ka gwada shi kaɗai da `TEST_ONLY=babel-parser make test-only`, domin gwajin rumbun gaba ɗaya yakan ci lokaci sosai.